Makin Bai Kai Ba: A Sake Zama Ko A Canja Hanya?

Auta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malama da Yaya Likita kamar kullum. Yau saƙo ɗaya ne zai cinye mana shirin. Wata 'yar'uwa ce ta rubuto, ta roƙi a sakaya sunanta. Ta ce sakamakon jarrabawar shiga karatun likitanci ya fito, makinta bai kai ba. Kwana uku ke nan ba ta iya haɗa ido da mahaifinta ba, har ta fara bincikar yadda za ta sake rajista. Ta sake zama ne, ko ta haƙura?

Likita: Kwana uku? To ni dai abin da zan fara ce mata, kada ta yanke komai a satin nan. Ta yi kukanta, ta yi barci, ta ci abinci. Na san wannan halin. Ranar da na duba nawa na farko, sai da na rufe shafin na sake buɗewa ya fi sau biyar, ina ganin kamar lambar za ta canja. Daga nan na tura wayar ƙarƙashin matashi na juya wa bango fuska. Kafin sati ya zagayo na ɗauko littattafaina na dā, na koma shafin farko, na ci gaba da karatu yadda na saba. Shekara guda cur. Da na sake zama, abin da na ƙara bai taka kara ya karya ba.

Auta: Yaya, ashe sau uku ka zauna?

Likita: Sai a na uku Allah ya yi. Kuma zama na biyun nan ne yake min ciwo har yau, domin ban canja komai ba.

Malama: Ai nan ne gizo yake saƙar. Duk ɗalibin da ya zo min da wannan kukan, tambaya ɗaya nake fara yi masa: kafin jarrabawar, nawa kake samu a gwajin da kake yi wa kanka? Ba wanda kake yi kana kishingiɗe da littafi a buɗe ba. Wanda ka saita agogo, ka kashe waya, ka zauna daga farko har ƙarshe. Idan kana samun maki mai kyau a irin wannan gwajin sau huɗu sau biyar, sai ranar jarrabawa ka faɗo ƙasa sosai, to ilimin yana nan. Wani abu ne ya faru a ranar, ko zazzaɓi, ko rashin barci, ko firgici. Wannan ɗalibin zan ce masa ya sake zama ba tare da wata-wata ba.

Auta: In kuma makin ya yi daidai da na gwajin fa?

Malama: To jarrabawar ba ta yi masa ƙarya ba, matakinsa na yau ta nuna masa. Yana iya ɗagawa, amma sai an canja salon shiri. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai ce min, "Malama, ban taɓa gwada kaina da agogo ba." Kuma su suka fi yawa. Ku duba jarrabawar JAMB a Najeriya: tambaya 180 cikin awa biyu. Lissafa min, Auta.

Auta: Daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya.

Malama: Daƙiƙa 40. Yaro ya san Kemistiri sarai, amma ya tsaya minti uku a kan lissafi ɗaya, sai ya ɗago ya ga tambaya 20 suna jiransa lokaci ya ƙare. Ya koma gida ya ce shi ba shi da ƙwaƙwalwa. Matsalarsa ta agogo ce, kuma tana gyaruwa cikin 'yan watanni.

Likita: Ni abin da ya cece ni wani ɗan littafi ne. Wani malaminmu ya sa na riƙa rubuta duk tambayar da na faɗi, a gefe kuma in rubuta dalili: ban sani ba ne, ko na sani na manta, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Bayan wata guda na buɗe, sai na ga Fiziks ce take cinye ni, ita ma ɓangaren lantarki. Ni kuwa duk shekarar baya Bayoloji nake ta maimaitawa, saboda ita nake jin daɗi.

Malama: Kowa haka yake yi, ya koma inda ya iya. Kuma maimaita karatu yana da yaudara, ka ga shafi ka gane shi, sai ka ɗauka ka riƙe. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan. Wasu ɗalibai suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu kuma suka rufe takarda suka yi ta ƙoƙarin tunowa. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa, masu gwada kansu suka wuce su nesa.

Auta: Amma Malama, kada mu sa ta ɗauka sake zama kyauta ne.

Malama: A'a, yana da tsada, kuma kowace ƙasa da dokarta. A Amurka sai ka gama digirin farko kafin ka shiga makarantar likitanci, jarrabawarsu MCAT, makinta daga 472 zuwa 528. Ba a barinka ka zauna fiye da sau uku a shekara, sau bakwai kuma a duk rayuwarka. Makarantu suna ganin duk makin da ka taɓa samu, ba na ƙarshe kaɗai ba. Ka sake zama ka samu ƙasa da na farko, ka ƙara wa kanka aiki. A Indiya kuma, jarrabawarsu NEET, maki 720 ne, amsa daidai maki 4, kuskure a cire maka 1. Mai cankar amsa ido rufe, duk wadda ya kuskure sai ta rage masa maki.

Likita: Maganar Indiya ma tana da abin lura. A 2024 fiye da mutum miliyan biyu suka zauna, gurbin digirin likitanci kuwa ya ɗan haura dubu 100 ne kawai. Ko da dukkansu haziƙai ne, kujerun ba za su ƙaru ba. Jarrabawar nan rariya ce ta rage yawan mutane. Ba ta auna ko za ka iya zama gefen gadon tsoho ka saurare shi minti goma yana zagaye kafin ya faɗi inda yake masa ciwo. Ina da abokan aiki da suka shiga da kyar, yau su marasa lafiya suke tambaya da suna.

Auta: To bari in shigo da tawa, domin ni ban sake zama ba.

Malama: Faɗa mata, Auta.

Auta: Na zauna na tambayi kaina, me nake so a likitancin? Sai na gane ni gano cuta ne yake burge ni, ba duba mara lafiya ba. Farar rigar kuma, gaskiya, burin gidanmu ce fiye da nawa. Na shiga kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Ranar da na fara ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a madubin likita, 'yar zobe da ɗigo a cikin ƙwayar jini, na daɗe ban ɗago kaina ba. Akwai harhaɗa magunguna, aikin jinya, ungozoma, gashin ƙashi, ɗaukar hoton ƙashi. Ba wanda asibiti zai yi kwana ɗaya babu shi.

Likita: Gaskiya ne. Ni ba na rubuta wasu magungunan sai takardarku ta dawo. Amma ina da gargaɗi ɗaya. Kada mutum ya karɓi wani fanni da niyyar, "in na shiga zan sauya zuwa likitanci." Ƙofar nan tana nan a wasu jami'o'i, amma ƙunci gare ta ƙwarai. Ka tambayi jami'ar a rubuce kafin ka dogara. Kuma ka zaɓi fannin da ko sauyin bai yiwu ba za ka iya rayuwa da shi. Akwai kuma masu gama digiri sannan su dawo, a Ingila ma akwai tsarin shekara huɗu domin irinsu.

Auta: Ta kuma ambaci fita waje.

Malama: Nan ne nake roƙon iyaye su buɗe ido, domin dillalai suna farautar gidan da aka shiga damuwa. Kafin a biya ko sisi, a duba sunan makarantar a kundin makarantun likitanci na duniya, yana intanet. A tambayi hukumar likitocin ƙasarku ko ta amince da ita. A sani kuma, ƙasashe da yawa sai ka ci wata jarrabawar lasisi bayan ka dawo. Sannan a dubi zaman lafiyar wurin. Mun ga ɗaliban da yaƙi ya koro daga Yukiren a 2022, da Sudan a 2023, wasu suna shekarar ƙarshe, suka yi ta fama da neman takardunsu.

Likita: Saura maganar Baba.

Malama: Ita ce ma ta fi tsaya min a rai. 'Yata, in kina saurarenmu, sau da yawa shirun uba ba fushi ba ne, shi ma bai san me zai ce miki ba. Kada ki bari ya ji daga bakin wani. Ki je ki zauna ki ce, "Baba, ga abin da na samu, ga inda na faɗi." In kin yanke sake zama, ki faɗa masa abin da za ki canja, da watan da za ki gwada kanki. Ki sa wa kanki iyaka tun yanzu: in zuwa wata kaza makina na gwaji bai kai kaza ba, zan ɗauki fanni na biyu. Ki rubuta sunan fannin a takardar.

Auta: Kuma ta duba wa'adin canja fanni na bana kafin ya wuce, ko da ba za ta yi amfani da shi ba.

Likita: Ƙwarai. 'Yar'uwa, ki turo mana makin kowane darasi daban, da na gwajin da kika yi kafin jarrabawa in akwai. Malama za ta duba.

Malama: Zan duba da kaina, in sha Allahu.

Auta: To jama'a, sai mako mai zuwa. A huta lafiya.