Motar golf ta gaza a tudu: mayar da ita bolt 48 daga 36

Salamu alaikum jama'a. Idan motar golf ɗinku tana gudu lafiya a shimfiɗaɗɗen wuri amma tana nishi da zarar ta fuskanci tudu, kada ku yi gaggawar sayen kaya. Ku fara auna baturan. Bayan cikakken caji, jerin batura shida masu bolt 6 ya kamata ya nuna kusan 38.2 a mita. Sai ku sake auna kowanne ana cikin hawa. Batir ɗaya da ya mutu yana ja wa sauran biyar rauni, kuma a zafin Sakkwato, inda Afrilu ke wuce digiri 40, baturan ruwa ba sa daɗewa.

Idan duk lafiyarsu ƙalau, to a zo batun ƙara bolt daga 36 zuwa 48. Ƙarfin ja na moto, wato injin lantarkin da ke juya tayoyi, daga amfiya yake fitowa, shi kuwa bolt shi ne ke tura amfiyar ta ci gaba da shiga ko da taya ta ɗauki gudu. Don aiki iri ɗaya, bolt 48 yana jan kashi uku cikin huɗu ne kawai na amfiyar da 36 ke ja, zafin waya kuma ya ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari.

Hanya mafi sauƙi ita ce batura shida masu bolt 8, domin galibi suna zama a mazaunin tsoffin. Misali, Trojan T-875 a madadin T-105. Amma nisan tafiya ba zai ƙaru sosai ba: bolt 36 sau amfiya-awa 225 na T-105 da bolt 48 sau amfiya-awa 170 na T-875 duk suna ba da ajiyar wuta ta kusan wat-awa 8,100.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne a canza batura a bar sauran kaya. Kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa moto, idan an ƙera ta don 36 kaɗai za ta iya ƙonewa. Ku nemi ta 48 mai amfiya 400 ko 500, irin Curtis ko Alltrax, don ita ce ke yanke yawan amfiyar da moto zai samu a tudu. Kafin saye, ku leƙa ƙarƙashin kujera. Idan akwai makunnin Run da Tow, motonku na buƙatar kwantirola ta daban da ta tsohon samfuri, ba sa hawa juna. Solonaid, wato babban makunnin da ke haɗa wutar batura da kwantirola, shi ma a canza shi zuwa na 48, caja haka. A cire siraran wayoyin a sa masu kaurin murabba'in milimita (mm²) 25 ko 35, a ɗaure kawunan batir tam, domin sako-sakon kai yana zafi har ya narkar da dalma. Fitila da oda a haɗa su da na'urar rage wuta zuwa 12. Kada a ja musu wuta daga batir ɗaya, zai riga 'yan'uwansa mutuwa.

Masu son litiyam, ku kula. Batirin sola na inbata da ya cika kasuwa yana nuna bolt 51.2, amma yawancinsu BMS ɗinsu, wato na'urar da ke kare batirin, amfiya 100 yake bari. Tudu kuwa yana iya jan ninki biyu ko uku, sai wuta ta yanke a tsakiyar hawa. Ku sayi wanda aka yi don motar golf.

Moton 36 yakan jure 48, sai dai yana ƙara zafi, don haka a rage lodi da tsakar rana. Gudu zai iya ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, alhali birkin yawancin waɗannan motoci a tayoyin baya kaɗai yake. A duba shi kafin gwajin farko, a fara da ƙaramin tudu ba tare da fasinja ba.