Kakar Toronto Raptors ta 2018 zuwa 2019: yadda ake rabon ƙarfi daga wasan farko zuwa ɗaga kofi

Wannan lacca ce da aka gabatar a Jidda ga masu horar da matasa ƙwallon kwando a unguwanni. An rubuto ta daga sautin da aka ɗauka a wurin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke zaune a gaba, kociyoyi, da 'yan'uwan da suka taso daga Makka bayan la'asar, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Tun da aka buga Kofin Asiya a nan Jidda a watan Agustan 2025, yaranmu suka ƙara rungumar ƙwallon kwando, kowa yana so a ɗauke shi a ƙungiyar Ittihad ko ta Ahli, na Makka kuma idonsu na kan Wahda. To, jefa ƙwallo a kwando ana koyon sa a wata shida. Abin da ke ba koci wahala shi ne ya riƙe ƙungiya tsawon kaka guda ta isa wasannin ƙarshe da ƙafafunta. Shi ya sa na ɗauko kakar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada a gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Arewacin Amurka, mu warware ta daki-daki. Akwai kuma dalilin da ya shafe mu: shugaban da ya haɗa wannan ƙungiya, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi, can ya fara riƙe ƙwallo.

Bari mu fara da lissafi, don duk aikin koci a kansa yake. A NBA wasa zango 4 ne, kowane minti 12, wato minti 48. Mutum 5 ne a fili, ke nan koci yana da minti 240 da zai raba wa yaransa a kowane dare. Mu a nan da dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, muke wasa, minti 10 sau 4, don haka namu minti 200 ne. Su kuma wasa 82 suke yi daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Afrilu, wani lokaci yau wasa gobe wasa a gari daban, ga tafiyar jirgi cikin dare. Bayan nan ne ake shiga wasannin fidda gwani, zagaye 4, a kowane zagaye wanda ya fara cin wasa 4 cikin 7 shi ya wuce. Toronto ta buga 24 a wannan mataki. Jimla wasa 106 a wata takwas.

Kafin a fara kakar, Ujiri ya yanke shawara biyu masu ɗaci. A kakar da ta gabata sun ci wasa 59, abin da ba su taɓa yi ba, amma Cleveland ta LeBron James ta share su 4 da babu a zagaye na biyu. Sai ya sallami koci Dwane Casey, mutumin da a shekarar aka ba lambar gwarzon koci, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse. A watan Yuli ya ba da DeMar DeRozan, ɗan wasan da mutanen garin suka fi so, da Jakob Poeltl, ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green daga San Antonio. Ku lura da kasadar: Kawhi wasa 9 kacal ya buga a kakar baya saboda ciwon cinya, kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Dalilin Ujiri shi ne ƙungiyar tana iya cin wasannin sati-sati, amma ba ta da mutumin da zai ƙirƙiro maki idan abokin hamayya ya karanta dukkan dabarunta, ya kuma tsare babban ɗan wasan wancan ɓangare. Kawhi yana yin duka biyun, sau biyu yana zama gwarzon mai tsaro a 2015 da 2016.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Me suka yi da wannan mutum mai ciwo? Sun ƙi ƙona shi. Cikin wasa 82, 60 ya buga. Idan wasa biyu suka zo a jere, yau da gobe, ɗaya kawai zai buga, ko da kuwa ya ce lafiyarsa lau. Masu kula da lafiyar 'yan wasa ƙarƙashin Alex McKechnie su ke duba nauyin da jikinsa ya ɗauka, koci ya bi maganarsu. 'Yan kallo sun yi ta ƙorafi, mutum ya sayi tikiti da tsada ya tarar da gwanin a zaune cikin kayan gida, kuma ƙorafin nasu yana da hujja. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. A wasannin kaka yana buga wajen minti 34 a dare, yana cin maki 26.6. Da aka shiga fidda gwani ya buga duka 24 ɗin, wajen minti 39 a dare, yana cin maki 30.5. Jimlar makinsa a wannan mataki 732. Ƙarfin da aka adana a Disamba da Janairu shi aka ci a Mayu da Yuni.

Akwai riba ta biyu wadda mutane ba su cika gani ba, ni kuma a wurina ta kai ta farko. A wasa 22 da bai buga ba, sun ci 17, aka ci su 5. Ma'ana sauran sun koyi wasa ba tare da jiran gwani ba. Pascal Siakam, ɗan Kamaru daga Duwala wanda bai fara ƙwallon kwando sosai ba sai da ya kusa shekara 17, ya tashi daga maki 7.3 zuwa 16.9, aka ba shi lambar wanda ya fi kowa ci gaba a shekarar. Da kullum ƙwallo na hannun Kawhi, da Siakam bai samu damar yin kuskure ya gyara ba. Ku ƙara da wannan: a cikin 'yan wasan da suka ɗauki kofin babu ko ɗaya da aka zaɓa cikin mutum 14 na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa. Kawhi na 15 ne, Kyle Lowry na 24, Siakam na 27, Marc Gasol na 48, Fred VanVleet kuwa ba wanda ya zaɓe shi ma. Siakam da VanVleet duk sun bi ta ƙaramar ƙungiyar Toronto, Raptors 905, inda ake ba matashi minti ya buga.

To kai malam da ke horar da yara 12 a filin siminti, ba ka da na'urorin da suke da su, amma kana da littafi da biro. Bayan kowane atisaye ko wasa, ka bari a huta kamar rabin awa, ka tambayi kowane yaro: daga 1 zuwa 10, yaya wahalar yau? Ka ninka amsarsa da mintin da ya yi. Wanda ya yi minti 60 ya ce 7, nauyinsa 420. Ka tara na sati. Abin da kake nema shi ne tsalle, wato yaron da ya saba ɗaukar 1,500 ya wayi gari a 2,500 saboda yana buga wa makaranta, yana buga wa unguwa, yana buga maka. A irin wannan satin ake samun ciwon ƙasan ƙoƙon gwiwa da ciwon agara, kuma siminti ba ya sassauta wa gwiwa kamar katako. Game da zafin garin nan kuma, ka auna yaro kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa ta fita, sai ya mayar da lita ɗaya da rabi a hankali cikin awannin da ke biye. Da azumi, aiki mai nauyi ya koma bayan tarawihi. Wanda ake yi kafin buɗa-baki ya tsaya a jifa da bitar dabara.

Mu koma Toronto. A 7 ga Fabrairun 2019, ranar rufe musayar 'yan wasa, suna cin wasanninsu lafiya, amma Ujiri ya sake taɓa ƙungiyar. Ya ba Memphis Jonas Valanciunas da Delon Wright da C.J. Miles, ya karɓo Marc Gasol ɗan Sifen, mai shekara 34. Valanciunas ya fi shi cin maki a ƙarƙashin kwando. Amma sun riga sun san wa za su tarar a gaba: Joel Embiid na Filadelfiya da Giannis Antetokounmpo na Milwoki. Gasol yana da jikin da zai tare irin waɗannan, ya iya raba ƙwallo, kuma yana jifa daga nesa, don haka dogon abokan hamayya dole ya fito ya bar kwando. Serge Ibaka, ɗan Kongo, ya koma benci bai tada rigima ba. Suka gama kaka da nasara 58, rashi 24, na biyu a rukunin Gabas na gasar.

A fidda gwani rabon minti yana canjawa. Nurse ya matse zuwa mutum 8, kuma ya rasa OG Anunoby da aka yi wa tiyatar afendis ana gab da farawa. Orlando ta ci su wasan farko, Lowry bai ci ko maki ɗaya ba, sannan suka ci 4 a jere. Da Filadelfiya sai da aka kai wasa na 7. Da yawa a cikinku sun kalle shi, domin ya faɗo cikin azumin shekarar, a lokacinmu na nan ya ƙare ne wajen sahur. Maki 90 da 90, saura daƙiƙa 4.2. Gasol ya miƙa wa Kawhi daga gefe, ya zagaya dama, Ben Simmons na biye da shi, Embiid ya karɓe shi, ya kai kusurwa, ya ɗaga ƙwallon sama sosai don ya tsallake hannun Embiid. Ƙwallon ya daki bakin ƙarfen kwando sau huɗu kafin ya faɗa, shi kuma yana tsugune a wajen layi yana kallo. Kowa yana tuna jifar. Koci kuma ya kamata ya tuna cewa ita ce jifarsa ta 39 a daren, ya ci maki 41, kuma ƙafafunsa suna da sauran ƙarfin tashi a minti na ƙarshe.

Milwoki ta fi su nasara a kaka, 60 ta ci, kuma ta cinye wasa biyun farko. Giannis yana ɗauko ƙwallo daga nesa da gudu, taku biyu ya isa kwando. Gyaran da Nurse ya yi daga wasa na 3 shi ne ya ɗora Kawhi a kansa, ya kuma sa a gina masa katanga: biyu daga cikin sauran su bar nasu mutanen da taku ɗaya ko biyu, su tsaya hagu da dama da Kawhi kusa da layin jifar keta, Gasol yana baya. Ya zo da gudu ya tarar da ƙirji uku, dole ya miƙa ƙwallo waje. Inda wannan dabara ke lalacewa shi ne idan aka makara wajen komawa gida bayan an rasa ƙwallo, ko kuma idan wanda ya taimaka bai koma kan mutuminsa da sauri ba, sai a ci ku da jifar maki uku. Wasa na 3 sai da aka yi ƙarin lokaci sau biyu, Kawhi ya buga minti 52. VanVleet wanda jifarsa ta daina shiga tun zagayen baya, koci bai jefar da shi ba, a wasa uku na ƙarshe ya jefa ta maki uku sau 17, 14 suka shiga. Suka ci 4 a jere.

A zagayen ƙarshe da Golden State akwai abu ɗaya da za ku iya gwadawa gobe. A zango na huɗu na wasa na 2, da Klay Thompson na Golden State ya fita da rauni, Nurse ya sa mutum huɗu suka tsaya kamar akwati, biyu sama biyu ƙasa, kowa yana tsaron yankinsa, VanVleet shi kaɗai ya manne wa Stephen Curry duk inda ya sa ƙafa. Dabara ce ta 'yan makaranta, amma ta tsayar da makin Golden State na tsawon mintuna, ko da yake Toronto ta rasa wasan 109 da 104. Tana aiki ne kawai idan mai jifa ɗaya gare su. Idan biyu ne, kusurwoyi a buɗe suke, kada ku taɓa ta. Nurse ma ya yi abin da aka soke shi a kai: a wasa na 5 suna gaba da maki 6, saura kamar minti uku, ya nemi hutu daidai lokacin da Kawhi ya ɗau zafi, Golden State ta numfasa ta ci 106 da 105. A 13 ga Yuni a Oakland Toronto ta ci wasa na 6 da 114 da 110, ta ɗaga kofi. Lowry 26, Siakam 26, Kawhi 22, VanVleet 22.

Tambaya daga wani matashin koci: Malam, Allah ya ƙara basira. Wasu na cewa sa'a ce kawai, tunda Kevin Durant da Klay na Golden State duk sun ji rauni.

Amin, ƙanena. Raunin gaskiya ne, kuma babu mai musun ya yi tasiri. Durant agararsa ta tsinke a wasa na 5 bayan ya dawo daga jinyar wata guda, Klay jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa na 6. Lafiya ta Allah ce. Amma a lokacin Golden State shekara biyar ke nan a jere tana kaiwa zagayen ƙarshe, jikinsu ya ɗauki abin da ya ɗauka, kuma kafin Toronto ta gan su sai da ta fitar da Filadelfiya da Milwoki da manyansu a fili. Idan kana son gwajin ƙungiyar, dubi shekarar da ta biyo. Kawhi ya tafi Los Angeles Clippers a watan Yuli, Danny Green ya tafi Lakers. Waɗanda suka rage, Lowry da Siakam da VanVleet da Gasol da Ibaka da Anunoby, suka ci wasa 53 aka ci su 19 a kakar da annobar korona ta gajarta, suka sake zama na biyu a Gabas, Boston ce ta fitar da su a wasa na 7 na zagaye na biyu.