Hoton Nesa Ya Fito Dishi-dishi: Yadda Ake Gano Mai Laifi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Ku dubi hoton tsuntsun da ke kan allo. Da lensin zuƙo nesa aka ɗauke shi, irin mai milimita 70 zuwa 300 ɗin nan, an murɗa shi har ƙurewa. A ƙaramin allon bayan kyamara ya yi kyau, babu laifi. Da aka buɗe shi a kwamfuta aka ƙara girmansa, sai ga idon tsuntsun ya yi dishi-dishi, gashin fukafukansa duk ya cuɗe. Abin da mai kyamara ke fara faɗa shi ne lensin ba shi da kyau. Wani lokaci gaskiyarsa ce. Amma galibi an bar jaki ne ana dukan taiki, domin akwai masu laifi da dama da ya kamata a tuhuma kafin a iso kan gilashin.

Kada ku taɓa kyamarar tukuna. Hoton da ya lalace shi ne shaidarku, don haka kada ku goge shi. Ku buɗe shi a babban allo, ku kai girmansa kashi 100 cikin 100, ku bi shi lungu-lungu da tambaya guda: akwai wani wuri, ko da ɗan ƙarami ne, da ya fito garau?

A wannan hoton akwai. Ku kalli reshen da ke bayan tsuntsun, ɓawonsa ya fito tangaran, har tsagewarsa ana gani. Ke nan lensin ya iya aikinsa, fokas ne, wato saita wurin da zai fito garau, ya sauka inda ba a aike shi ba. Kuma a dogon lensi kuskuren fokas ba ya ɓoyuwa. Idan kuna kan milimita 300, ƙofar haske, wato kafar da haske ke shiga ta cikin lensi, tana f/5.6, abin da kuke ɗauka yana nisan mita 5, a kyamara mai cikakkiyar sensa, wato wadda farantin ɗaukar hotonta babba ne, zurfin wurin da zai fito garau bai kai santimita 10 ba. Fokas ya zame daga ido zuwa jela, hoto ya tafi.

Me ke sa shi zamewa? Yawanci an bar wa kyamara ne ta zaɓi wurin fokas da kanta, ita kuwa takan kama abin da ya fi kusa ko ya fi fitowa fili, reshe ne ko ciyawa ko waya. Ku koma ɗigon fokas guda, ku ɗora shi da hannunku a kan ido. Idan abin yana motsi, ku fita daga tsarin da ke kulle fokas sau ɗaya, wanda Nikon da Sony ke rubuta wa AF-S, Canon kuma One Shot, ku shiga mai bin motsi, wato AF-C ko AI Servo. Sannan ku tuna kowane lensi yana da iyakar kusancin da zai iya kamawa, yawanci a rubuce take a jikinsa. Kun matso fiye da haka, ko me kuka danna ba zai kama ba.

To, idan fokas kullum gefe guda yake kaucewa fa? Kun ɗora ɗigo a ido, abin yana tsaye cak, amma kowane hoto bayan kai ne ke fitowa garau, ko kuma gabansa. Wannan ciwon kyamarori masu madubi ne, irin DSLR. A cikinsu na'urar auna fokas daban take zaune, can ƙasan madubi, ba a kan sensar da ke ɗaukar hoto ba. Idan zamansu ya ɗan saɓa, kyamara za ta ce ta kama alhali ta kuskure. Gane shi ba wuya. Ku ɗauki hoto guda ta tagar leƙe, ku sake ɗaukar wani ta allon baya, inda sensar ce da kanta ke yin fokas. Na allon baya ya fito garau, na tagar leƙe bai fito ba? Kun kama shi. Yawancin manyan kyamarorin suna da wurin gyara wannan a cikin menu, Nikon na kiransa AF Fine Tune, Canon kuma AF Microadjustment. Sai dai lensin zuƙo yana da halinsa: gyaran da ya dace da milimita 70 ba lalle ya dace da 300 ba. Idan kyamararku lamba guda kawai take karɓa, ku daidaita ta a tsawon da kuka fi aiki da shi. Masu kyamara marar madubi, da wuya wannan ya dame ku, tun da a kan sensa ake fokas ɗinku tun asali.

Yanzu ga hoto na biyu. Nan kam ko'ina babu garau. Ku matso kusa da wannan farin ɗigon, kun ga ya zama ɗan layi? Gefen ginin ma kamar an zana shi sau biyu. Kuma duk abin da ke cikin hoton gefe guda ya ja. Wannan rawar hannu ce, kuma a ganina ita ce ta fi kowa ɓata hotunan nesa.

Ku ɗauki doguwar gora ku riƙe ta a gindi, ku yi ƙoƙarin nuna wani abu da bakinta. Hannunku ɗan motsi kaɗan yake yi, bakin gorar kuwa sai kai-komo. Haka dogon lensi yake. Motsin da ba za a lura da shi ba a milimita 24 yana ninkuwa fiye da sau 12 a milimita 300. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce, saurin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, kada ya gaza ɗaya bisa tsawon lensi. A milimita 300, aƙalla 1/300 na daƙiƙa. Idan sensarku ƙarama ce, irin APS-C, ku ninka tsawon lensin da 1.5 a Nikon, Sony da Fujifilm, ko 1.6 a Canon, sai ku ga kun doshi 1/500. Masu sensar Micro Four Thirds, wadda ta fi ƙanƙanta, su ninka da 2. Ƙa'idar nan tun zamanin fim take, lokacin da ba a zura wa hoto ido kamar yanzu. Da kyamara mai megafiksel 24 ko 45, ni dai shawarata ku ƙara ninka saurin sau biyu idan haske ya ba ku dama.

Wani zai ce ai lensina yana da mai hana girgiza. Haka ne, Canon na rubuta IS, Nikon VR, Sony OSS, Tamron VC, Sigma OS, duk aiki ɗaya suke yi kuma suna taimakawa ƙwarai. Ku dai ba shi ɗan lokaci: ku danna maɓallin rabi, ku jira hoton ya natsu a ido, sannan ku ƙarasa. Amma rawar hannunku kaɗai yake gyarawa. Ba ruwansa da abin da ke gabanku.

Shi ya kawo mu hoto na uku. Ciyawa garau, turken raga garau, ɗan wasan da ke gudu kuwa ya shafe. Hannu bai yi rawa ba, fokas bai kauce ba, shota ce ta yi jinkiri. Mai tafiya a ƙafa yana son wajen 1/250, mai gudu 1/1000, tsuntsu a sama 1/2000 ko fiye. A nan ne mutane ke cutar kansu da tsoron ɗaga ISO, saitin da ke ƙara wa hoto haske don shota ta yi sauri, amma yake kawo tsaki-tsaki. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana iya gyara shi a kwamfuta, wanda motsi ya shafe kuwa sai haƙuri. Abin lura kawai, idan ISO ya yi sama sosai kuma JPEG kuke ɗauka, kyamara kan goge tsakin har ta haɗa da gashi da saƙar tufafi, fuska ta fito sumul kamar an shafe ta. Ku rage ƙarfin gogewar a menu, ko ku ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba.

Hoto na huɗu shi ne wanda ya fi ruɗa mutane, har wasu su sayar da lafiyayyen lensi a kansa. Kyamara tana kan mai ƙafa uku, shota 1/2000, rana tsaka, haske ko'ina. Amma ku dubi allon can mai rubutu, nisansa ya kai mita 300. Haruffan sun yi lanƙwashe-lanƙwashe, turakun lantarki da ya kamata su miƙe sun karkace nan da can. Wannan iska ce. Ƙasa ta ɗauki zafi, iska mai ɗumi tana tashi tana cakuɗa da mai sanyi, haske kuma yana karkacewa duk lokacin da ya ratsa daga wannan zuwa waccan. Ita ce rawar da kuke gani a saman kwalta da tsakar rana, dogon lensi yana ƙara mata girma ne kawai. Komai tsadar lensi bai fi ƙarfinta ba. Kuma ba sai ana zafi ba: ranar sanyi ma, idan kuka ɗauka ta tagar mota mai ɗumi, ko ta saman murfin injin da bai huce ba, haka za ku gani. Ƙura da hazo su kuma launi suke kashewa, hoto ya yi fari-fari. Maganin shi ne ku matsa kusa, ku ɗaga kyamara daga ƙasa, ko ku dawo da sassafe. Idan kuna son tabbaci, ku ɗauki wani abu a nisan mita 10 da saitin nan dai. Ya fito garau, to lensinku lafiyarsa lau.

Kafin mu hau kan lensin, ku dubi bakinsa. Akwai filta, gilashin nan da ake ƙarawa a gaba, a ɗaure? Ku cire. Filta mai araha da ba za ta nuna aibu a gajeren lensi ba tana iya ɓata hoto a milimita 300 ko 400, saboda ɗan rashin daidaiton gilashinta ma ana zuƙo shi. Haka ɗauka ta gilashin taga. Idan kun saka abin ƙara tsawo tsakanin lensi da kyamara, shi ma a cire: mai ninki 1.4 yana cinye rabin haske, mai ninki 2 yana cinye kashi uku cikin huɗu, kuma duk wani rauni na lensin tare yake ninka shi. Ku goge shatin yatsa, ku ɗaura hular lensi don hasken gefe.

To, yanzu sai gwaji na gaskiya, kuma amfaninsa duka yana cikin canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ku manna shafin jarida a bango mai haske. Ku kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, ta fuskanci bangon sak, ba a karkace ba, a nisan mita 8 zuwa 10. ISO mafi ƙanƙanta. Ku kashe mai hana girgiza, sai in littafin lensinku ya ce a bar shi. Ku yi fokas ta allon baya, ku ƙara girma har ku ga gefen haruffa. Kada ku danna da hannu, ku sa taima ta daƙiƙa 10, domin dogon lensi yana daɗewa yana kaɗawa bayan an sake shi. Mai DSLR ya kulle madubi a sama, tun da bugunsa kaɗai na iya girgiza hoto.

Ku ɗauka ƙofar haske tana buɗe duka, sannan ku riƙa tsuke ta: f/8, f/11, f/16, f/22. Ku maimaita a farkon zuƙo, tsakiya da ƙarshe.

Ga abin da lafiyayyen lensi zai nuna muku, don kada ku tsorata. A ƙarshen tsawonsa, a buɗe duka, zai ɗan yi laushi, musamman a kusurwoyi. Yawancin lensunan 70 zuwa 300 da 150 zuwa 600 haka suke, domin an ƙera su ne su yi aikin lensuna da yawa a jiki guda, kuma can ƙarshe ne rangwamen ke fitowa. A f/8 zai gyaru sosai. Daga f/16 zuwa f/22 zai sake yin laushi, wannan karon saboda haske yana bazuwa idan ya matse ta ƙaramar kafa, abin da ke samun kowane lensi a duniya. Idan haka kuka gani, babu abin da ya lalace. Kun dai san inda lensinku ya fi ƙarfi, sai ku riƙa zama a f/8, ku ɗan ja baya kaɗan daga ƙurewar zuƙo idan hoton mai muhimmanci ne.

Abin da ba lafiya ba shi ne rashin daidaito. Dama garau, hagu dishi-dishi. Ko kusurwa uku sun fito, ta huɗu ta narke. Kafin ku yanke hukunci, ku juya kyamarar ƙasa ta koma sama, ku sake ɗauka daga wuri guda. Idan laushin ya tsaya a ɓangaren jaridar da yake tun farko, kafawarku ce ta karkace. Idan ya bi kyamara ya koma ɗaya ɓangaren jaridar, to wani gilashi a ciki ya goce daga tsakiya. Yakan faru bayan faɗuwa ko bugu, wani lokaci kuma haka lensin ya fito daga masana'anta. Ku gwada shi a jikin wata kyamarar, ku kuma gwada wani lensin a jikin taku, don ku tabbatar ba wurin ɗaurawar ne ya lanƙwashe ba.

Sai ku cire lensin, ku haska tocila ta bayansa, ku leƙa ta gaba a karkace. Za ku ga ƙura, lensin zuƙo yakan shaƙe ta yayin da yake shiga da fita, kuma 'yan ɗigon nan ba sa taɓa hoto. Abin tsoro shi ne farin hazo da ya lulluɓe gilashi, ko zare-zare masu rassa da ke yaɗuwa daga gefe. Wannan funfuna ce, damshi ke kawo ta, kuma idan ta daɗe tana cinye rufin gilashin.

Gocewar gilashi, hazo da funfuna duk aikin mai gyara ne. Kada ku kwance lensin zuƙo a gida, domin mayar da gilasansa kan layi yana buƙatar na'urar awo. Idan yana cikin garanti, ku mayar da shi tun wa'adin bai cika ba. Ku tafi da hotunan jaridar nan yadda suka fito daga kyamara, ba a taɓa su ba, tun da bayanin shota, ƙofar haske da tsawon zuƙo duk yana cikinsu. Ku haɗa da na juyawar nan guda biyu, ku nuna wa mai gyaran kusurwar da ke narkewa, kuma ku faɗa masa a milimita nawa abin ya fi muni.