Fodkas: Spectrum ko Commodore, wacce ta fi kyan gani?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Ina tare da Malam Bala da Nasiru. Yau ba ƙarfin inji za mu auna ba, jikin kwamfutocin gida na shekarun 1980 za mu kalla. Malam Bala, wacce ka ɗauka?

Bala: Ai ni babu ja, ZX Spectrum. Kamfanin Sinclair na Ingila ya fitar da ita a 1982, Rick Dickinson ne ya zana ta. Baƙa wuluk, 'yar ƙarama, tsawonta wajen santimita 23 ne kawai, ga ratsin ja, rawaya, kore da shuɗi a kusurwar dama. Ko daga nesa ka hango ta ka san ita ce.

Nasiru: Malam, kyau dai akwai, amma ka taɓa danna maɓallanta? Roba ce fa! Sai ka ji kamar kana danna magogin fensir.

Bala: Roba ce, na yarda. Amma ka tambayi dalili. Shimfiɗa ɗaya ce ta roba aka yi wa maɓallai 40, aka kifa mata farantin ƙarfe. Da haka aka iya sayar da mai ƙwaƙwalwar ajiya 16K a kan fam 125. Da maɓallan gaske aka sa, da farashin ya tashi, da yara da yawa ba su samu ba. Kuma dubi aikin da Dickinson ya yi: kowane maɓalli na ɗauke da umarni iri-iri na BASIC, yaren da ake rubuta mata manhaja da shi, wani a kansa, wani sama da shi da kore, wani ƙasa da ja. Rubutu cunkus, amma ido bai rikicewa.

Hadiza: Ni kam idona ya rikice. Nasiru, kawo taka.

Nasiru: Commodore 64, ita ma ta 1982, daga Amurka. Ba zan ce kyakkyawa ba ce, Anti Hadiza. Ga kauri, ga launin ƙasa-ƙasa, har masoyanta suke mata laƙabi da akwatin burodi. Jikin ma ba nata ba ne, na yayarta VIC-20 aka ɗauko aka sauya launi.

Bala: Ka ji! Kayan gado.

Nasiru: To ai hikimar ke nan. Jack Tramiel, wanda ya kafa kamfanin Commodore, ɗan kasuwa ne, me zai kai shi kashe kuɗi a kan sabon zubi alhali tsohon na aiki? Abin da aka samu kuwa shi ne maɓallai na gaske, masu nitsewa kamar na tafireta. Matsalarta dai tudu, wuyan hannu na gajiya. Sai a 1986 suka fitar da 64C, siririya, mai haske. Amma ka lura, in aka ce Commodore 64, mai kaurin nan ce ke faɗo wa mutane a rai.

Hadiza: Ku duka kun tsallake wadda ta nuna hanya. Apple II, 1977. A lokacin yawancin irin waɗannan na'urori gwangwani ne, ko allo tsirara da wayoyi. Steve Jobs ya nace a yi mata jikin filastik mai kama da kayan gida, Jerry Manock ya zana. Abin da ke burge ni murfinta ne: ka ɗaga shi da hannu, ba sukurdireba, sai ga ramuka takwas na sa katunan da ke ƙara mata aiki.

Bala: Atari 800 fa? Ita ta 1979 ce. Ɗauke ta ka ji nauyi.

Hadiza: Wannan nauyin doka ce ta jawo shi. Hukumar sadarwar Amurka ta tsananta a kan na'urar da ake jonawa da talabijin, kada ta dama wa maƙwabta tasha. Shi ne Atari suka lulluɓe cikinta da alminiyam mai kauri. Apple kuwa suka kauce, ba su sa abin jona talabijin a ciki ba, sai ka saya daban.

Nasiru: Wayo ke nan. Ni wadda nake ganin an raina ita ce Amstrad CPC 464 ta 1984. Doguwa, rakodar kaset a jikinta, maɓallai ja da kore da shuɗi, ga allon kallonta. Fulogi ɗaya, ba tarin wayoyi a ƙasa.

Bala: Launukan nan sun yi mata yawa, wallahi. Sannan ku tuna, fararen nan naku yawanci sun koma rawaya yanzu, haske da zafi sun ci filastik ɗin. Baƙar Spectrum ba ruwanta.

Nasiru: Amma rubutun kan robar yana gogewa, Malam.

Hadiza: To, lokaci ya ci mu. Mako mai zuwa za mu buɗe cikinsu, mu ga wacce ta fi saurin ɗaukar zafi. Mu kwana lafiya.