Eskabeta ta nuna kwamfutocinta ba sa jin juna? Tsaya, kar ka sayi komai tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa, rewayoyi da direbobin bokalen, wato eskabeta, na nan Jidda da Makka da duk inda kuke kallonmu, barkanmu da warhaka. Yau maganar eskabeta 'yar hannu za mu yi, irin wadda ta riga ta ci aiki a wata ƙasa kafin a sauke ta a tashar ruwa. Ka murɗa makulli monita ta kawo, amma ma'aunin zafi bai motsa ba, ko kuma inji ya tashi lafiya lau amma ka ƙara totur ya yi biris da kai, hannun yana ɗagawa da ƙyar. In Komatsu PC200-8 ce za ka ga lambar matsala E0E a fuskar monita, ka shiga ciki ka tarar da DAFRMC ko DA2RMC. In Caterpillar ce sau da yawa 247 ne da 9 a gefensa, ko 590 da 9. Duk maganar ɗaya ce, wata kwamfuta ta jira saƙo daga 'yar uwarta kuma saƙon bai iso ba. Lambar ba ta ce kwamfuta ta ƙone ba fa! Nan ne wallahi abin ke mini ciwo, mai mota ya ruga tashlih, wato inda ake kwance tsofaffin motoci ana sayar da kayansu, ya zube dubban riyal ya sayo wata, a ɗaura, matsala na nan daram, aiki a tsaye, direba kuma albashinsa ya shiga wani hali.

To ga yadda abin yake. Kwamfutar inji, da ta famfon haidurolik, da monitar da ke gaban direba, duk a kan waya biyu suke hira, wayoyin a murɗe da juna, ana ce musu CAN, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. A tsarin J1939 ta sama rawaya ce ta ƙasa koriya, amma kamfanoni na canza launi a cikin wayarin ɗinsu, don haka takardar wayarin ta ainihin motar ita ce alƙali.

Kafin ka taɓa waɗannan wayoyi, fara da batir. Na san wasu za su ce ai wannan kowa ya sani, to kowa ya sani amma ba kowa ke yi ba. Motocin nan wuta 24 suke ci, batir biyu a haɗe, in suna da lafiya mita za ta ba ka 25 da ɗan wani abu a kashe, in inji na aiki wajen 27 zuwa 28. Zafin ƙasar nan ba ya barin batir ya yi tsawon rai, ɗaya daga ciki ya mutu, kana buga sitata wuta ta zube, kwamfuta ɗaya ta ɗauke na ɗan daƙiƙa, sauran su rubuta cewa ba su ji ta ba. Duba fiyus da rile na kowace kwamfuta, sannan wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Ku kalli wannan da na kwance daga jikin shasi, kun ga ƙarƙashin washar noti ya yi tsatsa ja, daga sama kuwa kamar ba komai, notin ma a ɗaure tamau. A goge har ƙarfe ya yi fari a mayar.

Yanzu awon da ya fi kowanne amfani. Kashe makulli, kashe babban makunnin batir, in motar mai AdBlue ce, wato ruwan tsabtace hayaƙi, ka ɗan jira ta gama janye ruwanta tukuna. Sa mita a om, ka ɗora tsinke ɗaya a CAN ta sama ɗaya a ta ƙasa. A soket mai baki 9 na J1939, C da D ne. Layin nan yana da rizisto biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, kowanne om 120, in suna nan su biyun kuma waya ba ta yanke ba za ka ga wajen 60. Ka ga 120, to ɗaya ya ɓace ko waya ta tsinke a tsakani. Ka ga kusan sifili, wayoyin biyu sun haɗe. Ka ga wajen 40, wani ya ƙara na uku, kuma a motocin hannu wannan ba baƙon abu ba ne. A wasu motocin rizistan yana cikin kwamfuta ko monita ne, kana cire soket ɗinta awo zai koma 120, kar ka ruɗe. Kuma masu Caterpillar ku kula, suna da wani layin nasu daban, Cat Data Link, lambarsa 248, shi ba a neman 60 a kansa.

Mayar da batir, kunna makulli, auna kowace waya da jikin mota. Ta sama ɗan sama da 2.5, ta ƙasa ɗan ƙasa da 2.5. In ɗaya ta nuna sifili ta taɓa jiki, in ta nuna 24 ta taɓa wuta. In kuma awon ya birkice ka rasa gane kansa, to layin nan kamar majalisa yake, mutum ɗaya ya kama ihu ba mai jin kowa, sai ka riƙa kashe makulli kana cire soket ɗaya bayan ɗaya, kwamfutar da ka cire sauran suka dawo suna magana, a wajenta matsalar take, ko ita ko reshen wayarta.

Ina ake samun ɓarnar? Mu nan bakin Bahar Maliya, danshi da gishiri. Ga soket nan, ku dubi fil na uku yadda ya yi kore, wancan kuma ya koma baya ba ya kama ɗan uwansa sosai, mota na tsaye komai lafiya, tana fara fasa dutse da bireka lamba ta fito. Irin wannan sai ka bar mita a jone ka riƙa girgiza wayarin da hannu kana kallon awo. Bi inda waya ta ratsa kusa da inji, da ƙarƙashin kabin, da bayan kujera inda tsohon mai ita ya jona na'urar bin sawu aka cire ta da filaya aka naɗe da salatif. Yaran da ke wanke inji da ruwan matsi kai tsaye cikin soket, don Allah a hana su. In za ka gyara tsinkakkiyar waya ka bar ta a murɗe yadda take, kar ka jona doguwar waya miƙaƙƙiya.

Sai fa duk wannan ya fita tsaf, wuta da at sun isa har bakin soket ɗin kwamfutar, layi 60, amma ka jona manhajar bincike ta laftof, Cat ET ko Tech Tool na Volvo, ita kaɗai ba ta bayyana ba, sannan za a fara zarginta. A nan ka tambayi direba ko an yi walda a bokiti ko a hannu kwanan nan ba a cire batir da soket ba, ko an yi janfa, wato tayar da mota da wani batir, an juya waya. In ta tabbata sai an canza, lambar da ke jikinta ta dace da lambar shasin motar, kuma ta tashlih takan zo da manhajar wata mota a cikinta, don haka tun kafin ka biya ka yi magana da mai laftof ɗin da zai loda mata ta motarka, kuma ka yi sharaɗi da mai sayarwa cewa in ba ta yi ba za ka mayar.