Masu Sassaƙa Ƙarfen Jirgin Sama: Laccar da Aka Yi wa Ɗalibai a Ƙasar Kazaure

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, malamaina, ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka.

Da zan shigo gari na biyo ta maƙera, na tarar ana gyaran garma. Maƙeri idonsa ne ma'auninsa, in baki ya karkace sai ya mayar wuta. To, aikin da na zo da shi yau shi ma ƙarfe ne, amma ido ba ya wadatarwa. Kaurin silin gashi kamar maikiron 70 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Akwai ramin da za a ce ka huda a ƙarfen jirgi, kuskuren da aka yafe maka bai kai rabin haka ba.

Injin da ke sassaƙa ƙarfen ana ce masa CNC, kwamfuta ke tuƙa shi. Kai naka shi ne ka ɗaure dunƙulen alminiyam, ka saita wuƙa, ka rufe ƙofa, ka kasa kunne. Ƙwarai, kunne! Wuƙa in ta soma dakushewa kukanta yana sauyawa. Ƙarfen titaniyam kuwa ɗan taurin kai ne, ba ya watsa zafi, sai ya tara shi a bakin wuƙa, shi ya sa ruwan sanyayawa ba ya yankewa.

Sannan takarda, kuma a nan ake gane ma'aikaci. Kowane ƙarfe da lambarsa, tun daga inda aka narka shi. Ka auna, ka rubuta, ka sa hannu. In ka ɓata, ka faɗa da bakinka, ko da oga zai ɗaure fuska, domin a sama babu gefen titi da za a faka. A 1989, faifan titaniyam na injin wani jirgi ƙirar DC-10 ya tarwatse a sama, jirgin ya yi haɗari wajen sauka a garin Sioux City na Amurka, sama da mutum 110 suka rasu. Asalin abin ɗan aibi ne da ya shiga ƙarfen tun wajen narka shi, ya zama tsaga, masu dubawa ba su gani ba.

Kada ku ce aikin Turawa ne kaɗai. A Maroko, kusa da Kasabalanka, matasa irinku ke yi wa kamfanonin ƙera jiragen sama na Airbus da Boeing kaya. Mu kuwa tun 1925 jirgi ya sauka a Kano, kuma kwalejin jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964. Ku riƙe lissafi, ku koyi karanta zanen injiniya.

Na ga ladan ya miƙe. A ba ni tambaya biyu kafin La'asar.