Python, PHP ko JavaScript: wanne ne zai ciyar da kai a Yamai?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar harsunan rubuta manhaja za mu yi, domin tambayar da ta fi yawa cikin saƙonninku ita ce: wanne zan fara koyo? Ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni suna yin ta, na jami'ar Tawa suna yin ta, har da waɗanda ba su taɓa shiga ajin kwamfuta ba, salula kawai gare su da kwaɗayin sani. Zan faɗi ra'ayina ba tare da ɓoye-ɓoye ba, amma ku bari na fara nuna muku inda ya samo tushe.

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Zabarmanci, ba ta jin Faransanci. Abin da injin cikinta ke ganewa sifili ne da ɗaya. Harshen rubuta manhaja hanya ce da mutum zai tsara umarninsa yadda shi kansa zai iya karantawa, sai wata manhajar ta mayar da shi abin da inji ke ji. A wasu harsunan, kamar C, ana mayar da rubutun gaba ɗaya tun kafin a kunna shi, shi ya sa suke da gudu. Wasu kuma, kamar Python, sun fi daɗin rubutawa da karantawa, amma sun fi nauyin ƙafa wajen aiki. Kowanne akwai abin da ya saya da abin da ya sayar.

Ku dubi waɗannan shekarun. Dennis Ritchie ya ƙirƙiri C a Amurka a 1972. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Python a 1991. A shekarar 1995 kaɗai aka samu Java da JavaScript da PHP. Ke nan harsunan da ake ta musu a kansu yau sun girmi yawancin masu musun. Har COBOL, wanda aka tsara tun 1959, yana nan yana lissafin kuɗi a manyan bankunan duniya. Harshen da aka gina aiki mai yawa a kansa ba ya mutuwa da wuri.

Na kawo wannan ne saboda abin da nake ji a fada, ana shan shayi ana gardama. Yaro ya kalli bidiyon wani da ke zaune a Kalifoniya yana cewa PHP ya mutu, sai ya zo ya raina abokinsa da ke koyon PHP. Ƙanena, tsaya. Da PHP aka fara gina Facebook a 2004. Wikipedia a kan PHP take tafiya har gobe. WordPress, manhajar gina shafukan intanet wadda ita ma da PHP aka rubuta ta, yana ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet. Mutumin Kalifoniya yana magana ne a kan kasuwarsa, inda kamfani ke da injiniyoyi dubu da kuran da ba ya yankewa. Kai kuwa kasuwarka ita ce mai farmasi da ke son ya san maganin da ya kusa ƙarewa, da mai makaranta mai zaman kanta da ke son ya san ɗalibin da bai biya kuɗin wata ba, da ƙungiyar agaji da ta tattaro bayanai daga ƙauyukan Adar tana neman mai tsabtace su.

Ga waɗannan ayyukan, PHP yana da arahar masauki a intanet, kuma masu iya shi suna da yawa a garin nan. Python shi ne gwanin bayanai. Idan ƙungiya ta aika masu bincike da salula ɗauke da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, suka dawo da layi dubu goma na amsoshi, an rubuta sunan ƙauye guda ta hanya huɗu, mai Python zai gyara cikin yini abin da za a yi mako ana yi da hannu. Haka masu aiki da alƙaluman ruwan sama da na amfanin gona, irin aikin da cibiyar AGRHYMET ke yi a nan Yamai, Python da wani harshe mai suna R ne kayan aikin wannan fanni. JavaScript kuwa babu mai tsere masa matuƙar aikinka zai buɗe a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Brendan Eich ya rubuta shi cikin kwana 10, kuma gaggawar tana nan a jikinsa, yana da halaye masu ban haushi. Duk da haka shi ne harshen da kowace salula ke ji ba tare da an sa mata komai ba. Idan manhajar Android kake so, ga Kotlin, ga Flutter. Rust harshe ne mai kyau ƙwarai, har ya shiga cikin Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta, a ƙarshen 2022, amma ba zan tura ɗan farko can ba.

Akwai wanda ba a yin alfahari da shi a fada, alhali shi ne ya fi ciyar da mutane: SQL, harshen tambayar rumbun bayanai. Duk manhajar da ke riƙe sunaye da kuɗi da kwanan wata, rumbu ne a ƙarƙashinta. Wanda ya iya tsara rumbu da kyau, ko wane harshe ya ɗora a sama, aikinsa zai tsaya.

To ga ma'aunina. In za ka sayi babur na kabu-kabu, tambayar farko ita ce: idan ya lalace, akwai kayan gyaransa a gari, akwai makanikin da ya san cikinsa? Haka manhaja take. Ranar da ka samu aiki a Abijan ko Dakar ka tafi, wa zai buɗe abin da ka rubuta wa mai farmasin nan ya gyara? Na san wata ma'aikata da aka yi wa manhaja mai tsada, wanda ya yi ta ya tafi da ainihin rubutun, aka bar su da abin da ke aiki amma ba ya gyaruwa. Da buƙatarsu ta canza, sai suka koma littafi da biro. Wannan asarar tana yi mini ciwo, don kuɗin ƙasar nan ne, kuma amanar da aka ba matasanmu ce ke zubewa.

Wannan ya kai mu ga buɗaɗɗiyar manhaja. Kowace manhaja tana da ainihin rubutun da mutane suka yi da hannunsu. Kamfanoni da yawa suna ɓoye shi, su sayar maka da izinin amfani kawai. Buɗaɗɗiya ita ce wadda aka bar rubutunta a fili ga kowa. A 1983 Richard Stallman ya fara aikin GNU don gina manhajojin da ba a ɓoye rubutunsu, daga baya ya tsara cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙi huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya so, ya karanta cikinta ya canza, ya ba wani kwafi, ya kuma raba gyaran da ya yi. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya saki Linux. Yau Linux ne ke ƙarƙashin Android ɗin da ke hannunka, shi ne kuma ke tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet. VLC da kake kallon fim da shi buɗaɗɗe ne. Firefox ma haka. DHIS2, tsarin da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wanda ma'aikatun lafiya na ƙasashe da dama har da tamu ke tattara alƙaluman asibitoci da shi, buɗaɗɗe ne.

Me ya sa wannan ya shafe mu fiye da Bature? Mu faɗi gaskiya, yawancin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da gidajenmu manhajar sata ce a cikinsu, wadda aka fasa makullinta. Da ita ƙwayoyin cuta ke shigowa, su bi kile daga wannan inji zuwa wancan, su cinye kundin kammala karatun ɗalibi ana saura mako ya gabatar. In ka ce za ka biya ta halal, kuɗin da dala ko yuro ne, ta katin banki, kuma yanzu da yawa sun koma kuɗin wata-wata, kamar yadda Adobe ya yi tun 2013. Ga kuma wata matsala: Microsoft ya daina ba Windows 10 kariyar da aka saba ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ya karɓar tsofaffin injuna da yawa. Tsofaffin injunan nan su ne muke saye, waɗanda aka gama amfani da su a Turai. Kwamfutar da Windows ya ƙi, Linux Mint, wani nau'in Linux, zai karɓe ta, da LibreOffice a ciki na rubutu da lissafi, ba ka biya ko dala ba, ba ka kuma saci na kowa ba.

Akwai abin da ya fi kuɗi nauyi. A 2019 GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, ya taƙaita asusun masu rubuta manhaja a Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. Mutanen ba su yi laifin komai ba, inda suke zaune ne kawai. Mu da muka ga rufe iyaka da yanke kuran a 2023, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Manhajar da rubutunta ke kan injinka, babu wanda zai kashe maka ita daga nesa.

Amma kada ku ɗauka gidan buɗaɗɗiyar manhaja babu kuka. Akwai, kuma shi ne abin da ya fi damuna a wannan sana'a. Ku saurari labarin xz. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, tana cikin kusan kowane Linux. Mutum guda, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita don sa kai. Ya gaji, ana ta matsa masa da saƙonni cewa aiki ba ya sauri. Sai wani da ke kiran kansa Jia Tan ya bayyana yana taimako, ya yi kusan shekara biyu yana gyare-gyare masu kyau har aka amince da shi aka ba shi iko. Daga nan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa wadda za ta ba shi damar shiga injunan mutane. A watan Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga injinsa ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Bai share ba, ya bi diddigi, ya tono ƙofar kafin ta bazu ko'ina.

Abu biyu nake gani a nan. Don rubutun a buɗe yake shi ya sa Freund ya iya bin sawu. Amma kuma duniya ta ɗora kaya mai nauyi a kan mutum guda da ba a biyansa. Haka aka gani da wasu buɗaɗɗun manhajojin da aka samu ɓaraka a cikinsu, OpenSSL a 2014 da Log4j a ƙarshen 2021: kamfanoni masu biliyoyi suna cin gumin ƴan sa kai, sai ranar da abu ya fashe su tuna da su. Shugaban Microsoft na wancan lokaci, Steve Ballmer, ya kira Linux cutar daji a 2001. A 2018 kamfanin ya sayi GitHub kan dala biliyan 7.5. A 2019 IBM ya sayi Red Hat, kamfanin da ke kasuwancin Linux, kan dala biliyan 34. Ba na zarginsu da neman riba, kasuwa ce. Abin da nake so ku riƙe shi ne kamfani yana bin maslahar kansa, lasisin manhajar, wato sharuɗɗan da aka sake ta da su, shi ne ke kare ku. Da Oracle ya sayi Sun, kamfanin da ke riƙe da manhajar OpenOffice, a 2010, masu aikinta suka ɗauki rubutun suka ci gaba da sunan LibreOffice, don lasisi ya ba su wannan dama.

Mu ma akwai bashi a kanmu, don ɗiba muke yi ba ma zubawa. Kuma muna da abin zubawa. Injiniyan Turai bai san yadda manhajarsa ke yi ba idan rezo ya ɗauke a tsakiyar aika bayani, ko idan forfe ya ƙare, ko a salula mai ƙaramin rumbu. Kai ka sani, kullum kana gani a hanyar Tawa zuwa Abalak. Rubuta masa rahoton matsalar dalla-dalla, wannan ma gudummawa ce. Manhajoji da yawa suna ɓata haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su mayar da su akwati ko alamar tambaya, kuma ba za a gyara ba sai wani ya nuna. Common Voice na Mozilla, aikin tara muryoyi don koya wa inji jin magana, yana karɓar muryoyin Hausa, kuma ya kamata a ji Hausar Adar da ta Arewa da ta Gobir a ciki. Taswirar OpenStreetMap tana jiran wanda zai sa lungunan Talaje da Harobanda da sunayen da mutanen unguwa ke kiransu.

Wasu za su ce ai yanzu basirar inji tana rubuta manhaja, me ya sa zan wahala? Ina amfani da ita, tana rage aiki sosai. Sai dai tana yin kuskure da cikakken ƙarfin hali, kuma wanda bai iya karanta rubutun ba ba zai gane ba sai lissafin mai shago ya ƙi daidaita.

To amsata ga mai farawa: ɗauki Python in bayanai da lissafi ne ke jan ka, ɗauki PHP da JavaScript in shafin intanet kake son sayarwa nan kusa. Ko wanne ka ɗauka, haɗa da SQL, ka koyi Git don ajiye tarihin aikinka, ka zauna a kansa har ka gama manhaja guda da wani mutum na gaske ke amfani da ita, ko da ta littafin bashin shagon kawunka ce. In ka miƙa aiki, miƙa shi da rubutunsa da ɗan bayanin yadda ake kunna shi.

A bidiyo mai zuwa za mu ɗauki tsohuwar kwamfuta mai RAM giga 4 mu sa mata Linux Mint tun daga farko, sannan mu girka Python mu rubuta layinmu na farko tare. Ku tanadi kile mai giga 8 wanda babu komai a ciki, domin za a goge shi. Ku kuma kwashe hotunanku da takardunku zuwa wani wuri kafin ranar. Sai mun haɗu, a huta lafiya.